Masarar da na binne a Ogui

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya tsare ka a wannan hanya da ka kama, ya tsare motar da direbanta, ya sauke ka Inugu lafiya, ya kuma nuna mana ranar dawowarka. Na sa maka wannan takarda a aljihun jakarka domin bakina ya kasa faɗin abin da ke cikinta. Ka karanta ta da zarar kun fita gari, kada ka bari sai ka isa.

Kawunka ya ce yanzu da yaƙi ya ƙare, duk wanda ya kai hatsi Gabas ba zai kwana da shi ba, domin mutane sun sha yunwa, ko me aka sauke musu za su saya. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan maganar ce ta tayar mini da hankali. Za ka je inda ba wanda zai ce maka kayanka ba su da kyau. Na taɓa tsayawa a irin wannan wuri, kuma ban tsaya daidai ba.

Na sauka Inugu ina saurayi, ina taƙama ni ɗan manomi ne, jikan manomi, ba wanda zai koya mini hatsi. Na kama rumfa a bakin titi a unguwar Ogui ina awon gero da dawa da masara, na kama ɗaki biyu a bayanta, daga baya na ɗauko mahaifiyarka. Maƙwabcinmu na jikin katanga shi ne Mista Okoye, malamin gona, wanda ya yi shekaru yana aiki a Arewa, Hausa a bakinsa kamar ɗan Zariya. Kana iya tuna shi, shi ne mai keken da kake hawa a kan bututu.

Wata damina na shuka dawar gida a ɗan filin bayan ɗaki, dab da masararsa. Da ta fitar da kai sai ga burtuntuna ta cinye rabi, ka taɓa zangarniya baƙin gari ya bi hannunka. Na tsorata kada ta tsallaka ta kama masarar mutum, a ce baƙo ya kawo cuta. Na ɗauko lauje zan sare ke nan ya leƙo ta katanga.

Ya ce, "Malam Idi, me dawar ta yi maka?"

Na nuna masa. Ya murza garin a yatsa ya yi dariya. Ya ce, "Sare ta in ka so, amma ba don ni ba. Wannan ba ta cin masara. Abu ne mai rai, dangin fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Suna da yawa, kuma kowacce da hatsin da ta saba da shi. Taka tun kaka da kakanni dawa ta sani, ta san yadda za ta shiga jikinta tun tana tsiro, ta zauna shiru har ranar fitar kai. Ka kai ta gaban masara ba za ta gane ƙofa ba."

Sai ya daina dariya. Ya ce, "Wadda nake tsoro ba baƙa ba ce. Koriya ce mai ɗan rawaya, tana son masara da gyaɗa in laima da zafi suka haɗu a kansu. Tana haɗa wani dafi a cikin ƙwayar, muna zaton don ta kori ƙwari da duk mai son raba abincin da ita. Dafin ba shi da launi, ruwa ba ya wanke shi, wuta ba ta kashe shi. Hanta yake nema. Ku 'yan Arewa rana ce take rufa muku asiri, nan ba ku da ita."

Ka san abin da na ce masa? Na ce, "Mista Okoye, ai duk abin da ya tafasa ya zama abinci." Na yi dariya, na mayar da laujena. A raina na ce surutun 'yan boko ne, mutumin da bai taɓa ɗaure dami ba.

Wannan shi ne kuskurena na fari. An ba ni ilimi kyauta ta kan katanga, na saurara da kunne, zuciyata tana wani wuri. Habibu, ƙasar da za ka ba irin tamu ba ce. Buhun da zai shekara a ɗakinmu ba abin da ya same shi, can sati uku ya isa ya lalace. In tsohuwar da ke talla a gefenka ta ce maka ɗaga kayanka daga ƙasa, ka ɗaga, ko da ba ka ji yarenta ba sai da hannu ta nuna maka.

Sai shekarar nan ta zo, wadda sojoji suka yi juyin mulki sau biyu. Kai kana Zariya wajen kakarka kana makaranta, mu uku ne a Ogui: ni da mahaifiyarka da ƙanwarka Ladidi, tana da shekara huɗu. Aka fara kashe mutanen Gabas a garuruwanmu na Arewa. Ba zan ɓoye maka wannan ba, an yi, kuma na ga abin da ya biyo baya da idona. Jirgi yakan shigo tashar Inugu cike da mutane, wasu da rauni, wasu a kwance an rufe su da zane. Matan da suka yi shekara goma suna awo a wurina suka fara wucewa ba sa kallon rumfar. Motocin hatsi daga gida suka daina zuwa. In ka fito da hula a kanka sai ka ji unguwa ta yi tsit.

Na lissafa cewa in abin ya yi tsanani ba za mu iya fita neman abinci ba. Sai na sayi sabuwar masara buhu huɗu wajen matan ƙauye, ɗanya shataf, an ɓare ta kwana biyu da suka wuce, ga ruwa ana zubawa kullum. Ina shigar da ita gida Mista Okoye ya gan ni. A lokacin ƙanensa da ke aiki a Jos bai dawo ba, ba a kuma ji labarinsa ba, idanunsa sun yi ja don rashin hutu. Duk da haka ya ƙaraso, ya zura hannu a buhu, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza. Ba ta yi ƙara ba.

Ya ce, "Malam, wannan ba ta bushe ba. Kawo ta tsakar gidana mu baza a rumfar kicin, hayaƙi ya busar da ita. A gidana ba mai taɓawa."

Na dube shi, na tuna ƙanensa, sai Shaiɗan ya raɗa mini cewa so yake ya san inda abincina yake. Na ce masa na gode, gobe zan sayar da ita. Da ya tafi na ja ƙofa, na janye gado, na haƙa rami a tsakar ɗaki, na shimfiɗa tabarma, na zuba buhunan, na rufe da katako da ƙasa, na mayar da gado a kai. Mahaifiyarka tana tsaye da Ladidi a goye. Ta ce, "Malam, ƙasar nan jiƙe take." Na ce ta yi mini shiru.

Ɗana, tsoro ba laifi ba ne, a waɗannan kwanaki wanda bai ji tsoro ba ba shi da hankali. Laifin shi ne na bar tsoro ya zaɓa mini wanda zan gaskata. Mutumin nan gaskiya ya faɗa mini a ranar da yake da dalilin ƙina, ni kuma na mayar masa da ƙarya. Za ka tarar da mutanen da aka kashe musu 'yan uwa, aka rushe musu gidaje. Wani zai harare ka, wani zai zage ka. Kada wannan ya sa in ɗayansu ya faɗa maka gaskiya ka ƙi ta.

Bayan kamar sati uku, wata rana da hantsi muka ji ihu daga bakin titi. Samari ne da adduna da gora suna bi gida gida suna neman Hausawa. Ban san lokacin da Mista Okoye ya tura ƙofar baya ba. Bai yi gaisuwa ba, ya fizgi Ladidi ya saɓa a kafaɗa, ya ce, "Ku biyo ni, kada ku ɗauki komai." Ya sa mu a ɗakin da matarsa ke ajiye doya, ya jera itace a bakin ƙofar. Muna jin su a tsakar gidansa, muna jin muryarsa yana yi musu faɗa da yarensu. Mahaifiyarka ta toshe bakin Ladidi da tafin hannu har yarinyar ta cije ta, jini ya fito, ba ta saki ba. Kwana biyu muka yi a nan. A rana ta uku ya kwantar da mu a bayan motar aikinsa, ya rufe mu da buhunan taki, ya kai mu tashar jirgi, inda 'yan sanda ke gadin 'yan Arewa.

Tashar cike take. Ga mutanen Inugu, ga waɗanda aka kwaso daga Anaca, ga mahautan Fatakwal da jirginsu ya ajiye su ya koma. Kullum a ce gobe jirgi zai zo. Abincin da ake rabawa bai kai ko'ina ba, yara suka fara kuka irin wanda ba hawaye. Kusa da tabarmarmu akwai Malam Sule, mai sayar da albasa a Anaca, an kashe matarsa a hanya, ya tsira da ɗansa Umaru mai shekara shida. Yaron nan da Ladidi tare suke wuni.

Mista Okoye yakan zo da garin rogo da ɗan doya a ɓoye cikin kwali. A rana ta huɗu na faɗa masa gaskiyar ramin, na roƙe shi ya tono mana. Bai ce mini komai a kan ƙaryar da na yi masa ba. Washegari ya dawo da masara cikin hankici, ya buɗe a gabana. Ta dunƙule, ta yi kore, ƙura na tashi daga jikinta.

Ya ce, "Na buɗe ramin, zafi ya bugi fuskata kamar tanda. Malam Idi, ba zan kawo maka wannan ba. Zan ƙara neman rogo. Na roƙe ka da Allahn da kake bauta wa, ka bar ta a inda take."

Na ce to. Yana juya baya na dubi yaran nan, na dubi ɗan kwalin rogonsa, na ce a raina buhu huɗu na kwance a ƙasa yara na mutuwa. Na roƙi wani ɗan sanda ya raka ni da mutum biyu, muka je muka ɗauko buhu biyu na sama, waɗanda suka fi kyan gani.

Mahaifiyarka ta ɗebo ta shinshina, ta tauna ƙwaya ɗaya ta tofar. Ta ce a hankali, don kada a ji, "Malam, da ɗaci. Wannan warin ba na abinci ba ne. Ka ji abin da mutumin nan ya ce."

Ni kuwa na ɗaga murya a gaban jama'a. Na ce, "Saboda wari za ki bar yara su mutu? A tsince, a wanke, a dafa. Wuta ba ta bar komai ba." Maza suka ce Malam Idi ya yi gaskiya. Ta sunkuyar da kai. Ita da wasu mata suka tsince baƙaƙen, suka wanke sau uku, suka daka a turmin aro, suka dama kunu.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Mu manya muka ce tausayi za mu yi, mu haƙura da garin rogo da ruwa, a bar wa yara kunu tunda shi ne mai ɗumi. Safe, rana, yamma, kunun nan suke sha. Ni da hannuna nake riƙe wa Ladidi kwano. In ta ture ta ce da ɗaci, in lallashe ta, in ce ƙara kaɗan, 'yar Baba.

A kwana na shida da fara shan kunun Ladidi ta fara amai. Ƙafafunta suka kumbura, cikinta ya ɗaure, ba ta yarda a taɓa gefen dama. Da na buɗe idonta da safe na ga farin ya koma rawaya. Umaru ma haka, da wasu yara uku da ban san inda suka ƙare ba. Mutane suka ce shawara ce ta shigo tasha. Mahaifiyarka ta ɗauki sauran garin ta juye a kwata. A ranar jirgi ya zo.

An cusa mu kamar buhuna. Kowa ya yi shiru, domin ana cewa ana tare jirgi a hanya a sauke maza. Duk tashar da muka tsaya sai mata su danne kan yara. Ladidi tana kan cinyar mahaifiyarka, tana buɗe ido tana rufewa, ba ta gane mu. Da muka hau gadar Makurɗi muka tsallaka ruwa, taragon ya ɓarke da kabbara, tsofaffi na kuka suna rungumar juna, an tsira. A cikin wannan hayaniya mahaifiyarka ta taɓa hannuna ta ce, "Malam, ta tafi." Muka sauka a tashar Lafiya da ke gaba, mutanen garin suka taimaka muka yi mata sutura.

Umaru ya kai Kafanchan, ya ƙara kwana biyu a asibiti, shi ma ya cika. Malamin asibitin ya tambaya me yaran suka ci a kwanakin nan. Malam Sule ya ce kunun masara, wani bawan Allah ne ya sadaukar da ransa ya je ya ɗauko musu. Mun iso a jirgin da ya biyo baya, ina tsaye a wurin. Ya kama hannuna biyu ya ce, "Malam Idi, ba don kai ba da yunwa ce ta kashe shi tun a Inugu. Allah ya saka maka da Aljanna." Na ce amin.

Kai kuma da muka iso Zariya na ce maka shawara ce. Ka yi kuka, ka yarda. Yau shekara huɗu ke nan.

Na san rai na Allah ne, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma kada ka taɓa ɓuya a bayan wannan magana kamar yadda na ɓuya. Mista Okoye kaɗai ya gargaɗe ni sau uku, na kuma ji wari da hancina. In mace ta gaya maka abu a kan abinci, ka tsaya, hancinta da harshenta sun fi naka sanin tukunya. Kuma duk ranar da ka ji kana ɗaga murya don mutane su goyi bayanka, ka binciki kanka, mai yiwuwa ka riga ka san ba ka da gaskiya.

Shirun da na yi shi ne kuskuren da ya fi daɗewa. Kowace kaka Malam Sule sai ya aiko mini da kwandon albasa da gaisuwa. Mahaifiyarka ba ta taɓa sa ko ɗaya a miya ba, rabarwa take yi. Bara na kasa jurewa, na hau mota na same shi a gonarsa yana ban ruwa. Na faɗa masa komai, har gargaɗin Mista Okoye, har maganar mahaifiyarka. Ya ajiye fatanyarsa. Sannan ya ce, "Da ka faɗa mini a asibiti, da na ce ƙaddara ce, kai ma ka rasa taka. Amma ka bar ni shekara uku ina sa sunanka a sujada." Na ce haka ne. Ya ce, "Na yafe maka don Allah. Kada ka sake zuwa." Ya ɗauki fatanyarsa ya juya. Bana ba a kawo albasa ba, kuma hakan ya fi mini sauƙi.

In ka yi ɓarna, ka faɗa a ranar, tun maganar tana da ɗumi. Gaskiyar da ta kwana ba ta isa wurin mai ita yadda ta fito.

Yanzu ga aikinka. Kowane buhu ka zura hannu har gwiwar hannu, in ka ji ɗumi a ciki ka juye shi a rana. Ka ciza ƙwaya, in ba ta yi ƙas ba ba ta bushe ba. Kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango, ka nemi katako ko da na ƙofar da ta karye ne. Masara da gyaɗa su ne abin tsoro, ka fara sayar da su, gero da dawa sun fi haƙuri amma su ma ka riƙa dubawa. Wanda ya yi kore ko ya dunƙule ko ya yi ɗaci, kada ka tsince, kada ka gauraya da mai kyau, kada ka rage kuɗi ka ba talaka, kada ka ba mai akuya ko mai kaji. Ka ƙone shi kana tsaye. Wata uwa za ta roƙe ka ta ce ka ba ta shi haka nan, yaranta ba su ci ba tun jiya. Ka ɗebo mata daga mai kyau, ka hana ta wancan ko za ta tsine maka. Yaran da suka fito daga wannan yunwa jikinsu ba zai ɗauki abin da Ladidi ma ta kasa ɗauka ba. In kawunka ya yi faɗan asara, ka ce ni na sa ka, ya zo ya same ni.

Ka nemi gidan Mista Okoye. Rabona da shi tun ranar hankicin nan, ban san ko yana da rai ba. Ka shiga da sallama da kai a ƙasa, kada ka shiga kamar wanda aka ci yaƙi dominsa. In ka same shi, ka gaya masa abin da na yi bayan ya juya baya, ka gaya masa Ladidi ta rasu, domin shi ya ɗauke ta a kafaɗarsa kuma yana da haƙƙin ya sani. In ba ka same shi ba, ka gaya wa matarsa ko 'ya'yansa, ka sauke musu buhun gero mafi kyau a motar.

Ban sani ba ko za ka iya kallona kamar da in ka dawo. Wannan na bar maka, ba zan roƙe ka komai a kai ba. Sai dai ka sani, mahaifiyarka ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Ranar da ta ji za ka Gabas da hatsi ne kawai ta ajiye tsintsiya ta ce, "Malam, ko ka gaya masa, ko ni in gaya masa." Tana zaune a gefena nake wannan rubutu, na karanta mata, ba ta ce a cire komai ba.

Ta ce in ƙara maka abu ɗaya. Hanyarku za ta bi ta Lafiya. Ka roƙi direba ya tsaya, ko na minti goma ne. Maƙabartar tana bayan tashar jirgi. Ba mu sa alama ba, ba za ka gane wurin ba, ka tsaya ko'ina a bakin shingen ka yi wa ƙanwarka addu'a. Mu ba mu taɓa iya komawa ba.

Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin zuciyarka. Allah ya sa duk wanda ya ci daga hannunka ya tashi lafiya. Allah ya jiƙan Ladidi da Umaru da duk waɗanda suka tafi a waɗannan shekaru, namu da nasu. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Idi